Yatsan Mai Raga

"Ya yi barci?"

"Yi a hankali. Tsohon nan kunnensa kamar na zomo."

"To gaya masa za ki yi, ko ni zan faɗa? Mai rumfar ya ce ƙarshen wata zai sa wani."

"Bar shi ya sa. Mutum da ƙarfe a ƙafa, wace raga kuma?"

Baba Mai Raga yana kwance yana jin su ta bayan ƙofa, autarsa ce da mijinta. Yau sati biyar ke nan da aka ɗauko shi daga asibiti aka haye da shi bene hawa uku, aka ɗora ƙafarsa ta dama a kan matashi kamar sabuwar haihuwa. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

Shekara arba'in da biyu yana gyaran ragar masunta a rumfarsa ta bakin ruwa. Zai miƙe ƙafa, ya saƙala ragar a babban yatsa, ya lanƙwasa shi ya ja, hannuwa kuma su yi ta ƙulli da allurar katako. Yatsan ne ke gaya masa in ƙulli ya kama. Abokan zama har tsokanarsa suke, wai Allah ya ba shi hannu uku, ya ɓoye ɗaya a takalmi.

Gaɓar ce ta cinye, har ya kai ko zani ya taɓa ta sai ya yi salati. Likita ta kankare ƙasusuwan biyu, ta haɗe su da siririn ƙarfe da kusoshi shida. Ta nuna masa hoton, ta ce, "Baba, ciwo ya tafi. Amma yatsan nan ya daina lanƙwasawa har abada." A ranar, rabin farko kawai ya ji.

Da Auta ta fita kasuwa, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado da kan sanda. Akwai guntuwar raga a ciki. Ya saƙala ta a yatsan, ya ja. Ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Yatsan na tsaye ƙiƙam, ba ya jin kira. Ya gwada na hagu.

"Kai kuma shekara arba'in kana cin banza," ya ce masa. Na hagun ya riƙe kaɗan, jijiya ta ɗaure, ya saki.

In bai aika wa mai rumfa da raga gyararriya kafin wata ya mutu ba, shi da wannan bangon ne har illa masha Allahu.

Ya ji motsin surukin a falo. Shekara tara ke nan mutumin bai taɓa zama a gabansa ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi ta, ido a ƙasa. Baba ya daɗe yana juya allurar a hannu. Sai ya yi gyaran murya.

"Malam?"

"Na'am, Baba."

"Shigo. A'a, ba nan ba, matso bakin gado. Ajiye kunyar nan a waje, ba ta ƙulla raga. Cire safa, ka miƙo ƙafa, ka ara mini babban yatsanka zuwa la'asar."