Sabon Lofe a Gidan Bawa

Mun tashi daga Gwadangaji ana sallame sallar asuba, ni da wata maƙwabciyata 'yar Filato da ta daɗe da barin aikin asibiti. Ita kifin banda za ta saya a Argungu, ni kuma Gulma na nufa. Wanda ya san ni a kasuwar Birnin Kebbi ya san tabar lofe nake sayarwa, kuma tun ina da ƙarfina taba ɗaya nake ɗauka, ta wani dattijo mai suna Bawa. Bawa ya rasu da damina. Ɗiyarsa Kulu ta aiko mini cewa ta ci gaba da haɗin, in aiko a ɗauka kamar kullum. Na ce ba a yi haka da ni ba, sai na je na ɗanɗana da kaina. Tsofaffin da ke zama gaban rumfata da bakina suke sayen taba, in na ba su abin banza sau ɗaya sun tafi ke nan. Ita kuma Kulu mijinta ya rasu, gidan nan ba shi da wani mai ɗaukar tabar da yawa in ba ni ba.

Keke mai ƙafa uku ya kai mu tasha. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama ya ragu. Aka cusa mu gaba tare da wani mai buhun albasa, direba yana ta rantsuwa cewa akwai sauran wuri. Hanyar ba laifi, sai 'yan ramuka da direban ya san su kamar 'ya'yansa. Ta gefen fadama shinkafa ta yi kore shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, mata da tsofaffi suna korar tsuntsaye. Maƙwabciyata ba ta bar ni na kalli komai da daɗi ba, wa'azin illar taba ga huhu take yi mini tun daga tasha. Na ce mata na ji, kuma gaskiya ta faɗa, amma yau aiki zan je yi.

A Argungu munka karya da ƙosai da kunun tsamiya, ƙosan ya sha mai fiye da kima. Ta shiga layin masu kifi, ni na nemi masu tukwane. Can ƙarshen layi na samu wata tsohuwa da lofen yumɓu, na ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya da farce, na zaɓi wanda ya yi ƙara mai kyau, na ɗaure a bakin zane. Maƙwabciyata da ta gani ta ce, ke da kike da lofe har sun yi miki yawa a ɗaki? Na ce ta bari ta gani.

Ta ce to sai ta raka ni. Kabu-kabu ya kai mu Gulma, ni ina riƙe da rigar mai mashin ina yi masa faɗa kan gudu. Gidan Bawa yana nan yadda na san shi, ganyen taba a rataye ƙarƙashin rumfa, tukwanen haɗi a jere bakinsu a liƙe da laka. Na duba ganyen tun kafin in zauna. An shanya shi a inuwa, an cire jijiyar tsakiya, ba wanda ya yi fumfuna. Kulu ta shimfiɗa mana tabarma, munka yi gaisuwar rashi, ta kawo fura. Sai ta shiga ɗaki ta fito da lofen mahaifinta, baƙi wuluk, ta riga ta cika shi, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Inna, ga na Baba. Ke kaɗai kika cancanci ki sha da shi."

Na karɓa, na shinshina, na ajiye a gefe. Lofen da ya daɗe a hannun mutum ya sha maiƙon tabarsa har cikin yumɓu. Ko ganyen kuka ka zuba a ciki, ƙamshin Bawa za ka ji. Na kwance bakin zanena na fito da sabon.

"Ke Kulu, zuba a nan."

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ta buɗe tukunya ta cika, ta ɗora garwashi. Na ja na farko na fesar, don na farko ɗanɗanon ƙasa ne. Na ja na biyu na riƙe a baki. Ba tabar Bawa ba ce. Tasa tana dukan maƙogwaro da kanwa tun kafin ka shirya. Wannan ta zo a hankali, da zaƙi-zaƙin zuma, can ƙarshe kanumfari ya taso. Na ci gaba har ƙasa, domin taba mai ha'inci a gindin lofe take ɗaci. Ba ta yi ba, wutar ba ta mutu ba, tokar ta fito fari.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Inna. Yanka da shanya Baba ya bar mini. Awon kanwa bai taɓa bari na gani ba. Na gwada nasa ya ƙi, shi ne na yi nawa."

"To mi ya sa kika so ki rufe mini baki da lofen mamaci?"

Ta ce tsoro ta ji kada in tashi in tafi. Na yi mata faɗa sosai, ban rage ba. Na ce ta rataye lofen nan a ɗaki don tunawa da ubanta, kada in ƙara jin ta miƙa wa mai saye. Sa'an nan na ce ta ɗaure mini abin da ke cikin tukwane biyu. Maƙwabciyata da hayaƙi ya kora bakin zaure ta leƙo ta ce wannan dai ƙamshinta bai kai na da muni ba, amma huhu bai san ƙamshi ba.

Munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, munka kamo hanya bayan azahar. A mota warin bandarta da ƙamshin tabata sunka haɗu, har wani fasinja ya roƙi a sauke gilashi.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, in za ka auna aikin mai rai, kada ka auna shi a cikin kayan wanda ya tafi. Da na sha da tsohon lofen, da na dawo ina sayar da ƙarya da sunan Bawa, ita kuma Kulu ta ƙare rayuwarta tana ɓoye abin da ta iya.

Washegari wani dattijo ɗan kudu mai sayar da kayan gini, wanda ya fi kowa tsanani a kan taba, ya zo rumfata ya ce, "Hajiya, ta Bawa ta iso?" Na ce Bawa ya tafi da tasa, wannan ta Kulu ce. Ya ɓata fuska, ya ɗibi kaɗan ya tafi. Da la'asar sai ga shi da gwangwaninsa a buɗe.

"Cika mini ta Kulu."