Ƙafata ta warke, Yaya Umaru bai dawo ba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko ina raye, ina raye, alhamdu lillahi.

Waɗanda suka san ni sun san albasa nake ɗauka daga Aliero. Ranar da abin ya faru mun kai kaya kasuwar wani ƙauye a bakin daji, ni da yayana Umaru, wanda ya koya mini tuƙi. Da hantsi muna sauke buhuna sai ga ƙarar jirgin yaƙi. An ce 'yan bindiga yake bi. Mu dai a kasuwar nan ba mu ga mai bindiga ko ɗaya ba, sai masu awo da mahauta da mata masu nono.

Ban ji fashewar bom ɗin da ya sako ba. Na farka ne bakina cike da ƙasa, ƙafata ta dama ta karkace. Wata mai fura ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini cinya. Har yau ban san sunanta ba.

A bayan akori-kura aka kai mu asibiti. An ƙara mini jini, hoto ya nuna karaya biyu da guntun ƙarfe a cinya. Likita ya ce, "Bello, in ƙafar nan ta fara wari, yankewa za mu yi. Ka shirya ranka."

Daga ranar, duk safiya kafin a zo wankin ciwo, sai na sunsuna bandejin da kaina.

Inna ta sayar da tumakinta saboda magani. Kullum na tambaye ta Yaya Umaru sai ta ce, "Yana wani asibiti, yana gaishe ka." Sai ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa.

Allah Ya sa ba a yanke ba. Bayan wata biyu aka sallame ni, aka kai ni gida Jega a kan sanduna. Ina shiga tsakar gida na ga Hadiza, matar Yaya, zaune a ƙofar ɗakinta cikin tsohon zane, ba kwalli, ba ɗankunne. Takaba take yi.

Na dubi Inna. Ta ce, "Nan take ya cika, Bello. Can anka rufe su da sauran da sunka mutu, rami guda. Ko gawatai ban gani ba. Na ji tsoron in rasa ku duka biyu."

Ban yi fushi da ita ba. Wata biyu tana share hawaye a bayan ɗakin jinya, ta dawo ta ba ni kunu tana murmushi.

Yanzu ina takawa ba sanda, kunnen hagu ne dai ya tafi. Idan jirgi ya wuce, jikina ɓari yake har ya ɓace.

Na gode wa likitoci, da direbobin tashar Maiyama da suka ba ni jininsu. Allah Ya saka. Shawarata, in kun ga mai zubar da jini ku ɗaure wurin da ƙarfi kafin komai. Kuma ku je ku ba da jini tun ba naku ne a kwance ba.

Har yau babu wanda ya zo gidanmu daga hukuma ya tambayi sunan wanda aka kashe mana. Sunansa Umaru, ya bar 'ya'ya huɗu. Ku sa shi a addu'a.