Tun da Na Kashe Wanzami a Takarda

Karatun bokona bai wuce firamare ba, ita ma ban ga ƙarshenta ba. Sai da na tsufa, bayana ya ƙi sunkuyon wankin hula, sannan zuciya ta raya mini cewa ni marubuci ne da aka yi wa ƙasa asararsa. Na sayi fensir da kilina ta gogewa, na zauna a zaure ina jiran labari ya zo. Bai zo ba. Akuyar maƙwabta ce kawai ta leƙo.

Daga baya na lura labari yana zaune a majalisarmu ta unguwar Mandawari, inda muke shimfiɗa tabarma a gindin bangon masallaci bayan La'asar. Sai na kwashe abokaina na zuba a takarda. Ban sa sunan kowa ba, amma wanda ke tari kafin ya yi ƙarya ya san kansa. Kullum in rubuta da safe, in karanta musu da yamma, su yi ta gyara. Wannan ya ce na rage masa tsawo, wancan ya ce rawaninsa ya fi haka girma. Ni kuma in goge, in sake, da fuskar manyan malamai.

Labarin ya yi nisa babu abin da ya faru a cikinsa sai shan fura da gardama. Na ga in ba a mutu ba, ba zai motsa ba. Na duba, na zaɓi wanzaminmu, don shi ya fi kowa surutu. Na ba shi zazzaɓi ranar Laraba, na kai shi makwanci ranar Juma'a, har da yadda makara ta ƙi juyuwa a lungunsu saboda ƙunci, sai da aka ɗaga ta bisa kai. Da na karanta, shi ya fi kowa dariya.

Ya ce, "Malam, jama'ar ta yi kaɗan. Ƙara mini sahu."

Na ƙara masa sahu. Ba a daɗe ba zazzaɓi na gaske ya kwantar da shi, ya rasu. Ina cikin masu ɗaukar makarar lokacin da ta ƙi juyuwa a lungun. Ba wanda ya dube ni. Wannan rashin dubawar ya fi duka zafi.

Limaminmu ya yi bayani a zaman makoki cewa ajali ba ya bin fensirin kowa, kowa ya ce haka ne. Amma daga ranar, in na doso tabarma sai a tuna da uzuri. Mutanen da muka yi kaciya tare suka koma gaishe ni daga tsallaken kwata. Wani da na tambaye shi ya jiki, cewa ya yi, "Lafiya ƙalau, kuma kada ka rubuta."

Mutum ɗaya ya rage mini: taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, mai sayar da goro a Yakasai. Tun muna yara wasa ne tsakaninmu, ina ce masa bawana, yana ce mini ɗan aikinsa. Shi ma yana cikin labarin. Don tsoron kada bakina ya taɓa shi, na zauna na bi shafi shafi da kilina na goge shi kakaf, har takardar ta huje a wasu wurare. Na ɗauka na kyauta.

Sai aka ce mini ba shi da lafiya. Na same shi kwance a zaurensa, ya rame, kwandon goron an rufe da buhun algarara a gefe.

Ya ce, "Ɗan aiki, faɗa mini gaskiya. Ina ka kai ni a labarin nan?"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, bawana. Na cire ka gaba ɗaya. Ko ƙeyarka babu."

Ya yunƙura ya zauna. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Ka cire ni? Wanzami ko sallah ya samu, da sahu. Ni goge ni ka yi? Yaushe?"

Na faɗa masa. Ya ce ranar ce ya fara jin jiri. Na ce wannan ai shirme ne, shi ma ya ce shirme ne, sannan ya kama hannun rigata ya ce, "Mayar da ni."

Na koma gida na mayar da shi. Na rubuta cewa mai goro ya tashi da safe, ya sha koko, ya yayyafa wa goronsa ruwa, ya yi faɗa da mai tura kura, ya dawo gida lafiya. Na je na karanta masa. Ya ce kokon ya yi ruwa, in ƙara masa ƙosai. Na ƙara. Bayan kwanaki ya koma kasuwa. Likita ya ce maganin hawan jini ne ya karɓe shi, ni ma haka nake faɗa wa mutane.

Amma tun daga nan ban tsallake rana ba. Labarin ya lalace, babu mai karanta littafin da jaruminsa shan koko kawai yake yi. Ba na iya sa masa ko mura, ba na iya rubuta ƙarshe. Kowace hantsi wayata za ta yi ƙara, in ji muryarsa: "Ɗan aiki, yau me na yi?" In karanta masa, ya zage ni, ya kashe.

Abin da ban gaya masa ba shi ne yanar ido ta fara rufe mini gani. Layukan takardar sun soma haɗewa. Jiya na rubuta masa yininsa cikakke, da na kai shi bakin ƙofa wurin haske, sai na ga a kan na shekaranjiya na ɗora, baƙi kan baƙi, ba a gane ko ɗaya. Da ya kira, da ka na karanta masa.

Ya ce, "Yau muryarka wata iri. Ka dai rubuta ko?"

Na ce na rubuta.