Hannun Hagun Ƙanena

Ƙanena bahago ne. A gidanmu na Tudun Wada, a Minna, an tilasta masa cin tuwo da dama, a sauran abubuwa aka ƙyale shi. Da hagu yake zana jirgin ƙasa da gawayi a jikin bango, har da hayaƙinsa. Babanmu, wanda kafinta ne a reluwe, sai ya tsaya yana kallo yana dariya. Ga yaron da surutu, duk abin da ya gani a tasha sai ya ba mu labarinsa.

Ina aji uku aka sa shi elementare. Ranar farko ya ɗauki alli da hagu, malaminsu ya buge hannun da rula. Da duka ya ƙi ci, sai ya samo tsumma ya riƙa ɗaure masa hannun a baya har a tashi. Ta taga nake hango shi, alli yana rawa a hannun damansa, 'yan aji suna dariya.

Kafin damina ta wuce yaron ya fara in'ina, ya koma fitsarin kwance. Baba ya je makarantar, ni ma na bi shi.

"Malam, ba haka na kawo maka yaron nan ba," in ji Baba.

Malamin ya ce, "Daƙiƙi ne, ga taurin kai. Da hannun ƙazanta za a yi karatu? In ka ga an matsa masa, tafi da abinka."

Baba ya kama hannun ɗansa, ya kai shi wurin wani tela ya koyi ɗinki. Karatunsa ya ƙare ke nan.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ji abin da har yau yake ƙona mini rai. Mai koya mana yadda yara suke girma ya ce masu binciken yara sun gano bahagonci halitta ne, ba taurin kai ba, kuma yaron da ke cikin tsoro ba ya ɗaukar karatu. Na ɗaga hannu na tambaye shi tun yaushe aka san haka.

"Tun kafin a haife ku," ya ce.

Jirgi yana kawo wa Minna gishiri da kananzir da kwanon rufi, amma wannan magana ba ta samu wurin zama a cikinsa ba. Sufetocin makaranta suna zuwa su duba faratanmu, su leƙa shadda, wato bayan gida, su tafi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin ɗaure hannun yaro.

Da na zo hutu na sami ƙanena a shagonsa yana yanka yadi, na gaya masa duk abin da na ji. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko kafin ta fito.

"To, Yaya, ka ce musu su zo su kwance mini harshen."

Ya ja keken ɗinkinsa ya ci gaba da aiki.