Sirrin da Yaya Hassi Ta Ba Ni Ajiya

Da damanar bana Yaya Hassi ta cika shekara saba'in a ƙasa. Ni ƙanwarta yau da sanda nake tafiya, ita kuwa har yanzu matashiya ce a idona, da ɗanta na fari a goye.

Daga Gwandu aka kai mu aure Kalgo, gida da gida. Bayan ta gama wankan jego na lura in ta zaga bayan gida takan daɗe, ta fito tana dafa bango. Da na matsa mata, ta ce fitsari ne ke ƙona ta kamar barkono.

"Kak ki gaya ma kowa, Kulu," in ji ta. "Mace ba ta kai wagga magana gaban maza."

Na riƙe. Sati uku muna jiƙa saiwoyi da jar kanwa, har ciwon ya hau ƙugunta, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar da na buɗe baki na gaya wa mijinta, ya ɗora ta a jaki zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikacin ya duba ta, ya ce mun makara. Kwana biyu ta ƙara. Da na sani ƙeya ce.

Bara irin ciwon ya kama ni. Na sha ƙwayoyi kala-kala, ya lafa ya dawo. Jikata, ma'aikaciyar jinya, ta ce ƙwayoyin cutar ne suka saba da magani. Wai yanzu masana suna gwada wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu farautar ƙwayar cutar su kashe ta, su ƙyale jikin mutum. Na ce Allah ya sa su iso mu da rai.

Da Yaya za ta leƙo, me za ta ce? A zamaninta ba mu kai ga magani da wuri ba, a namu ga magani amma ya daina ci. Tsugune ba ta ƙare ba. Kuma kunyar nan tana nan. Ina ganinta a fuskar matan da ke layin asibiti.

Ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje. Ɗanta ya tsufa bai san muryarta ba. Abin da ya rage nata yana bakina: duk yarinyar da ta raɗa mini ciwonta ta ce in rufa mata asiri, nakan ce, "Ɗauko mayafinki, mu tafi." Sun ce tsohuwa ba ta riƙe magana. Na taɓa riƙewa sau ɗaya. Allah ya jiƙanki, Yaya.