Gida Mai Shuɗin Ƙyaure

Abu na farko da na taɓa shafa wa fenti a duniya ƙyauren gidanmu ne. Ƙyauren kwano ne, a ƙauyenmu na bakin Komadugu, gidan ƙarshe kafin a gangara ruwa. Na tsinci ragowar shuɗin fenti a gwangwanin da masu gyaran jirgin ruwa suka yar, na tauna kan kara ya yi laushi, na shafe ƙyauren tas. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta dawo daga ɗebo ruwa ta tsaya tana kallo, ta ce duk gari kowa da ƙofar mutunci, ita kaɗai aka mayar da tata ta kanti. Ta yi faɗa har ta gaji, amma ba ta taɓa bari an kankare shi ba.

Daga nan sana'a ta kama ni, ta kawo ni Diffa. Kafin rikici, in ka bi kasuwa ka ga kan mutum a allon mai aski, ko tarwaɗa mai gashin baki a ƙofar mai banda, ko jan tattasai a bayan babbar mota, to da wuya in ba hannuna ba ne. 'Yan kabu-kabu su ne manyan masu kawo mini aiki da ciwon kai. Wannan zaki yake so a ledar bayan moto, wancan shaho, wani ya ce a zana masa idon mace, amma kar ya yi kama da na matarsa. Ina yi ina masifa, su kuma suna kan bencina suna shanye mini shayi, suna gyara mini aikin da ba su iya ba. Wallahi ina kewar surutun nan har gobe.

Da mutanen daji masu bindiga suka matso bakin kogi, dokar ta-ɓaci ta zo, aka hana hawa moto, harkar kifi da tattasai ta tsaya. Ƙauyenmu ma aka tashe shi, mutanenmu suka koma bakin kwalta suka kafa bukkoki. Bencina ya bushe. Aikin da ya rage shi ne na ƙungiyoyin agaji, masu farar mota: su ba ni takarda mai hoton hannu biyu da sabulu, in kwafe shi a bango, ban da ƙari ban da ragi. Na zana hannuwan nan a makaranta, na zana a likita, na zana a jikin bayan gida, har na kai ina iya yinsu ina hira ban kalli bango ba. Wata rana na ƙara ɗan tsuntsu a bakin bokitin, don dai raina ya yi sanyi, mai duba aikin ya ce a goge, ba ya cikin tsari. Na goge. Da na koma gida na ce wa matata in gwangwanayen da ke hannuna suka ƙare, na bar fenti ke nan, za mu koma Damagaram in tsare wa yayanta kanti. Ta ce to, don ta san halina in na hau.

Saura gwangwani huɗu, wani tsoho ya shigo shagona da hantsi, yana dogara sanda yana laluben bakin ƙofa da ƙafa. Ɗan gudun hijira ne daga tsallaken kogi, yana zaune a Gagamari. Hausarsa ta kasuwa ce, Barbarci na leƙowa ta ko'ina.

"Wushe, mai fenti," ya ce. "Kai ne ka yi hannuwan nan na bangon likita?"

Na ce ni ne, Baba, in kuma ƙorafi ne a kai wa masu farar mota.

"Ba ƙorafi. Na je a duba mini ido. Sun ce nawa ba irin wanda ake kankarewa ba ne, tafiya yake yi, ba mai tsayar da shi. Kafin shi ƙare tafiya, ina so in ga garinmu. Komawa ba ta yiwuwa. Ka yi mini shi a katako. Amma kar ka sa mutum ko ɗaya."

Na tambaye shi wane gari. Da ya faɗi sunan, sai na ajiye buroshin da ke hannuna. Garin da ke fuskantar ƙauyenmu ne, kogi kaɗai ya raba mu. Da shi na buɗe ido. Na san tsamiyarsu ta mashaya, na san farar hasumiyar masallacinsu da ta ɗan karkace, na san inda matansu ke wanki. Muna yara mukan rungumi gora mu yi iyo zuwa can mu ci kasuwarsu, mu dawo da ƙuli-ƙuli ɗaure a ka. Ya buɗe baki zai fara yi mini bayani, na tare shi.

"Baba, huta. Garinku ko ido rufe zan zana shi. Ka ba ni kwana bakwai."

Ya haɗiye bayaninsa, ya ce Allah shi kai mu.

Rabon da in yi aiki da irin wannan zumuɗi har na manta. Na samo shafaffen katako, na haɗa launi da kaina, ina tashi da shi ina wuni da shi. Matata ta leƙo da abinci ta ce ashe mai kantin Damagaram bai gama sallama da tsohuwar sana'a ba. Na shimfiɗa kogin a gaba, faɗinsa duka, a cike kamar lokacin da sanyi ke shigowa. Bayansa gaɓa, bayan gaɓa tsamiya da hasumiya da jerin katangu, rana na haska su. Da na gama na ja da baya na kalla, na ce wa kaina ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba. Girman kai ya cika ni, ba zan ɓoye ba.

Na naɗe shi a tsohon zane na hau motar haya zuwa Gagamari. A shingen sojoji aka sa na kwance, wani soja ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko taswira ce. Na ce ina ya taɓa ganin taswira da inuwar tsamiya. Ya yi dariya ya ce in wuce.

Na iske tsohon a ƙofar bukkarsa ta zana da tampol. Na jingina allon a jikin turmi, inda haske ke faɗa masa. Ya durƙusa, ya kawo fuskarsa dab da katakon, yana bi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ina tsaye ina jiran yabo. Sai ya dafa sanda. Ya miƙe, ya juya wa allon baya.

"Ɗauke shi," ya ce.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce me ya rage, Baba? Ga tsamiya, ga masallaci, ko hasumiyar ma na karkatar da ita yadda take.

"Ba abin da ya rage. Garinmu ne. Amma ɗana, a ina ka tsaya?"

Na ce a bakin kogi mana.

"A bakinku. Ni tun da aka haife ni a garin nan, in na ƙetaro kasuwarku hankalina na kan kaya, in na koma yana kan jirgi. Ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo daga nan ba sai rana ɗaya. Ranar da muka fito da gudu, muka haye, na juya ina ɗiga ruwa, na gan shi haka, duka, a bayan kogi. Abin da ka kawo mini ke nan. Shi nake gani kullum in na rufe ido, ba sai an zana mini ba."

Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa ido. Mutumin nan ya zo zai gaya mini abin da yake so, na toshe masa baki da iyawata. Na naɗe allon. Na yi taku kaɗan sai na tsaya, don na san in na tafi a haka, na tafi ke nan har Damagaram. Na dawo na tsuguna a gabansa.

"Baba, ka yafe ni. Gobe zan zo da sabon katako. Kai za ka faɗa, ni in bi."

Washegari da safe na zo da katako da sauran fentina. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zaunar da ni ina fuskantar arewa, shi ma ya zauna kusa da ni ya rufe ido.

"Yanzu kana ƙofar gidana," ya ce. "Rana na fitowa ta hannun damanka. Ƙasan ƙafarka akwai dutsen da nake alwala a kai. Fara da shi."

Haka muka yi kwanaki. Ina zuwa da safe, in koma kafin la'asar saboda hanya. Bai bar ni na yi gaba da shi ko da taku ɗaya ba. Rumbu a hagu, da hularsa ta ciyawa da ta zame gefe. Turken akuya, ba akuya. 'Yar hanyar da ke gangarawa tsakanin dangogi biyu har mashaya. Tsamiyar da na sani daga gaba, yanzu sai na zana bayanta, inda ya ce akwai kogo da ake ɓoye filafilin jirgi. Masallacin da na yi alfahari da shi bai shigo ba sam, don yana bayan mai zama. Da na tsoma buroshi a shuɗi zan yi ruwa, ya ji ƙarar gwangwanin ya tambaya wane launi ne.

"Shuɗi? Kai da aka haifa a bakinsa? Yaushe ka ga Komadugu shuɗi? In ya iso sabo, ruwan kunu ne. In ya kwanta, shi yi kore-kore. Yi mini na kwanciya, lokacin shanyar tattasai."

Na ji haushi, kuma gaskiyarsa ce. Shekara da shekaru ina zana ruwa shuɗi don haka ake zana ruwa a allon kanti. Mun yi ta cacar baki, ni da shi, a kan tsayin danga da faɗin hanya, yana ce mini mai taurin kai, ina ce masa mai duba aikin da ya fi na masu farar mota tsanani. Ban ankara ba sai na ji ina waƙa ƙasa-ƙasa ina aiki, yadda nake yi a zamanin 'yan kabu-kabu.

A rana ta biyar muka kai tsallake, wato gefenmu. Nan hannuna ya tsaya, don ban san yadda ƙauyenmu yake daga can ba. Na sha ganinsa ina iyo, amma yaro mai ƙuli-ƙuli a ka ba kallon gari yake yi ba.

"Saurara," ya ce. "Farin yashi tukuna, da tattasai shanye a kai, ja wur, har ido shi yi zafi. Sama da shi goruba uku, ta tsakiya ta sunkuya. Gidaje ƙanana-ƙanana, kar ka girmama su. Can ƙarshe ta gabas, gida ɗaya mai shuɗin ƙyaure. Nan za ka kashe shuɗinka. Ka sa masa hayaƙi, don matar gidan nan ta riga kowa hura wuta a gaɓa biyun nan. Marigayiya matata in ta leƙa ta ga hayaƙin, sai ta ce mun makara, mai shuɗin ƙofa ta tashi."

Na kasa ɗaga buroshi. Ya juyo wajena.

"Gidanmu ne, Baba," na ce. "Marigayiya uwata ce. Ni na shafa wa ƙyauren fenti."

Ya ƙara matsowa. Sannan ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Allah shi jiƙan su duka biyu," ya ce. "Ashe tun kana ƙarami kake ɓata wa mutane ƙofa."

Na yi dariya hawaye na zuba. Ƙyauren bai fi ƙwayar wake ba a katakon, amma na fi awa ina yinsa.

Da aka gama ya sa aka rataye allon a cikin bukka, ta bangon arewa, daidai tsayin mutum a zaune. Ya matsa dab, ya bi dutsen alwala, ya bi hanya, ya gangara mashaya, ya haye. Ya ce, "Yawwa. Yanzu ina gida." Sannan ya tambaye ni ina na farkon. Na ce yana shago, zan shafe shi da fari in yi wani aiki a kai.

"Kar ka kuskura. Wancan ba laifi gare shi ba, ba nawa ba ne kawai. Daga ƙofar uwarka ka tsaya ka yi shi. Rataye abinka."

Yana rataye a shagona har yau, saman benci. Damagaram kuwa ba mu je ba. Na sayi sababbin gwangwanaye, matata ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Maƙwabtan tsohon suka fara zuwa, daga baya har daga sansanin Sayam, kowa da garinsa a baki. Ban daina zana hannu da sabulu ba, abinci ne. Amma duk wanda ya zo a kan gida, sai na zaunar da shi na tambaye shi inda yake tsayawa da safe, da abin da ke hannun damansa, in kuma kama bakina.

Idon tsohon ya ƙarasa tafiya kafin ruwa ya sake zuwa. Na je gaishe shi wata safiya, hanya ta tsare ni, sai da rana ta ɗaga na isa. Na same shi zaune a tabarma yana fuskantar allon, carbi a hannu, ba ya ganin ko hasken ƙofa. Na yi sallama. Bai juyo ba.

"Mai fenti," ya ce, "hayaƙin uwarka ya tashi tun ɗazu, kai sai yanzu kake zuwa?"