Ranar da Na Yi wa Yayata Tafinta

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin malami a wata firamare a Bodinga. Ku da kuka san ni da furfura da sanda ba za ku gane ni ba a lokacin: gajeren wando fari, doguwar safa har gwiwa, alƙaluma uku jere a aljihun gaba, biyu daga ciki ba su ma da tawada. Ji nake kamar da ni kaɗai za a gina Jihar Arewa.

A wani dogon hutu aka tara mu, malaman lardi, a Sakkwato don kwas na sati biyu. Wadda ta koya mana lissafi Baturiya ce, amma ba irin Turawan da muka saba gani ba. Ba 'yar Ingila ba ce, daga wata ƙasa take da ake kira Hangari. Gajera ce siririya, gashinta ya fara fari, yatsunta kullum cikin alli. Turancinta da nauyi yake fita kamar namu, Hausarta kuwa ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Malama kawai muke ce mata.

Ba ta taɓa cewa mu haddace komai ba. Tambaya ɗaya za ta rubuta a allo, ta koma ta zauna tana kallon mu muna gumi. In ka kawo amsa daidai ba ta ko murmushi, sai ta ce, "To, don me?" Ranar rabuwa ta gaya mana cewa a ƙasarsu akwai wata al'ada: duk wata ana aika wa makarantu tambayoyi, mai so ya warware ya aiko. Ta ce za ta fara mana haka.

Ta kuwa cika alkawari. Kowane wata sai ga takarda ɗaya a motar kasuwa, tambayoyi uku, tana warin tawadar inji. Ta farko na yi sati biyu a kanta ban ci ko ɗaya ba. Da na je gida Shagari ganin iyayena, na tafi da ita a aljihu.

Ina da yaya mace da ke aure a unguwarmu. Aji huɗu ta yi a elemantare, daga nan ta tsaya jinyar kakarmu, karatun ya wuce ta. Mijinta manomi ne mai 'yan shanu, mutumin kirki, 'ya'yansu huɗu. Sana'arta ɗinkin hula. Ita ta koya mini ƙirga tun kafin a sa ni makaranta.

Ina zaune a tsakar gidanta da hantsi ina ta jan layi a ƙasa, ta ɗago daga ɗinkinta.

"Wai mi kake ta zane tun ɗazu kamar mai duba?"

"Lissahin Turawa ne, Yaya. Ba za ki gane ba."

"Karanto min da Hausa in ji."

Na karanta mata don dai ta ƙyale ni. Tambayar ta ce: in mutum shida suka haɗu a gidan biki, dole a samu uku da duk sun san juna, ko kuma uku da babu wanda ya san wani a cikinsu. A nuna dalili.

Ta ci gaba da ɗinkinta. Washegari da na zo sallama na tarar ta soka allura shida a tabarma, ta haɗa su da jan zare da baƙi.

"Zauna," ta ce. "Ɗauki mace guda cikinsu, ka ce ni ce. Saura biyar. Ba yadda za ka raba biyar gida biyu ba a samu uku a gehe guda ba. To ko dai na san uku, ko akwai ukun da ban sani ba. Ka ce na san uku. In biyu cikinsu sun san juna, ga mu nan mu uku, ni da su. In ko babu wadda ta san wata, su ukun su ne baƙin juna. Ɗaya gehen ma hakanan za ka bi shi. Ina wuyar?"

Na daɗe ina kallon tabarmar nan. Da na koma Bodinga na rubuta shi da Turanci mai kyau, na sa sunana a ƙasa. Ba zan ce na zauna na ƙulla sata ba. Akwai gurbin suna, hannuna ya cike shi.

Amsa ta dawo da koren alƙalami, cike da yabo. Na kai wa yayata na fassara mata. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya kamar yarinya.

"Ta san ni ce?"

"Ta sani mana."

Haka muka yi ta yi wata bayan wata. Ina kawo takarda, tana warwarewa tsakanin daka da ɗinki, ina juyawa zuwa Turanci. In Malama ta yi gyara, yayata ta kan ce, "Tana da gaskiya, na yi gaggawa a nan." Ta fara jiran takardar fiye da yadda nake jiran albashi. Mijinta har tsokanarta yake, wai ya auri akawu bai sani ba.

Wata ranar kasuwa sai ga mota ta tsaya a ƙofar makarantarmu. Malama ce. Bayan an tashi yara muka zauna a inuwar darbejiya, ta fito da takardun nan duka a ɗaure. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan take neman mutum ɗaya mai irin wannan tunanin. Ta ce akwai gurbin ƙaro karatu a Zariya, kuma ta riga ta rubuta sunana.

Sannan ta ba ni labarinta, ban tambaya ba. Ta ce tana budurwa ta gama jami'a, amma aka hana ta aikin koyarwa saboda asalin iyayenta. Shekaru ta yi tana koya wa 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aikinta na bincike a teburin kicin. Akwai wata matsala da ta ci mata shekara huɗu. Da ta warware ta, ta kai wa babban malaminta ya duba. Bayan wani lokaci aikin ya fito a mujallar masana da sunansa shi kaɗai, ita kuma aka gode mata a ƙasan shafi don ta taimaka da kwafe rubutu. Daga baya tankokin yaƙi suka shiga birninsu, ta tsallake iyaka da ƙafa, jaka ɗaya a hannu.

"Gidan da na bari ba ya hana ni barci," ta ce. "Wancan shafin ne yake hana ni. Irin wannan satar ba a kai ta gaban alƙali. Shi ya sa nake so a san sunanka tun yanzu."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyar sun isa in faɗa mata gaskiya. Na ce a raina, ai ko na faɗa, mai 'ya'ya huɗu ba za ta je Zariya ba, gurbin zai lalace a banza. Na ce gidanmu ɗaya ne, in na ci gaba ita ma ta ci. Dalilai suka yi ta zuwa mini a guje, kowanne da rawaninsa. Na buɗe baki na ce, "Na gode, Malama."

Ta ce za ta zo Shagari da kanta ta nemi yardar mahaifina. Na yi ta kawo uzuri, hanya ba kyau, tsoho ba ya son baƙi. Ba ta saurare ni ba.

Mahaifina ya karɓe ta a zaure, ya sa albarka, magana ta ƙare cikin sauƙi. Sai ta ce tana so ta gaida mata. Na shiga gaba, tana biye.

Yayata na can ta riga mu zuwa. Ta ɗaura zanen da ba ta sa shi sai da salla, ta yi lalle, ta kawo fura a sabuwar ƙwarya. Aka shimfiɗa tabarma, suka zauna suna fuskantar juna, ni kuma na tsuguna a tsakani, tafinta. Suka gaisa. Malama ta yaba hular da ke cikin faifai, irin yabon da baƙo ke yi wa kowane abin hannu.

Yayata ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa da sauri, da Hausarmu ta gida.

"Hwaɗa mata na gode da gyaran da take min. Kuma ina da tambaya tawa. In mutum shida sunka isa a samu uku, to mutum nawa za a tara kahin dole a samu huɗu? Na gwada har tara, bai yi ba. Ko ita ta sani?"

Malama ta juyo gare ni. "Me ta ce? Na ji kamar ta ce huɗu."

Na ce da Turanci, "Ta ce 'ya'yanta huɗu. Tana kuma tambaya yaya kike fama da zafin ƙasarmu."

Malama ta yi dariya, ta kaɗa hannu a fuska kamar mafici, ta tattaro 'yar Hausarta don ta faranta wa mai gida rai.

"Zafi! Akwai zafi sosai. Yara huɗu, madalla."

Yayata ba ta jin Turanci, amma wannan da Hausa aka faɗa. Ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce. Kallo ne na wanda ya gama lissafi ya ga amsar ta fito, ko da ba ita yake so ba. Sannan ta juya ga baƙuwa ta ce, "Madalla. Sha hura, Malama." Ta zauna har aka gama, ta raka ta bakin ƙofa, ta ba ta hular kyauta.

Sai da ƙarar motar ta ɓace ta yi magana.

"Ba ta san ni ba."

Na fara zuba dalilaina, na Zariya, na 'ya'ya, na gida ɗaya. Ta bari har na gama.

"Wa ya ce maka ina son zuwa Zariya? Ina zan kai ɗiyana? Da ka roƙe ni gurbin, da na ba ka da hannu biyu. Ni dai na ɗauka akwai mace guda a duniyar nan da ta san abin da ke cikin kaina. Ashe da kai kaɗai nike ta magana."

Ta naɗe tabarmarta ta tafi gida.

Da takardar wata mai zuwa ta iso na kai mata, don rashin kunya. Ta ce in ajiye, tana da aiki. Ba ta ƙara tambayata wata takarda ba har abada. Na rubuta wa Malama cewa shirin tafiya ya sha mini kai, shi ya sa ba ta ga amsa ba.

Na je Zariya. Na ci jarrabawa da kyar, irin cin da ba a yi wa walima. A can ne na gano cewa tambayar da yayata ta yi a kan tabarma tambaya ce ta gaske, wadda manyan masana suka sha wuya kafin su gano amsarta goma sha takwas ce, ta gaba da ita kuwa har yau ba a sani ba. Na rufe littafin na fita waje. Da na isar da saƙon nan yadda aka ba ni, na san Malama da ba ta bar gidanmu ba sai magariba.

Kafin in gama karatu kwantiraginta ya ƙare, ta bar ƙasar. Shekara da shekaru ina cewa zan rubuta mata gaskiya. Ranar da na rubuta, wasiƙar ta yi wata uku ta dawo mini ba a buɗe ba. Ban san inda Malama ta ƙare ba.

Ni da yayata ba mu yi gaba ba. Ta yi mini hidimar aurena, ta yi renon 'ya'yana, na yi wa nata abin da ya samu. Sai da muka tsufa, tana kwance ba lafiya, na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe tuntuni. Na ce, har da ranar nan? Ta ce, "Har da ita. Amma kada ka ce in manta, ban iya ba." Bayan 'yan watanni ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Na yi shekara talatin da wani abu a aikin ilimi. An yi mini liyafar ritaya, an kira ni uban lissafi, na tashi na yi godiya. Mutane kan ce yafiya tana wanke komai. Wataƙila tana wanke mai laifi a wurin Allah, ina fatan haka. Amma ba ta mayar wa wanda aka cuta abin da aka ɗauke masa. Mata biyu sun zauna a tabarma ɗaya, kowacce ta yi shekaru tana neman irin ɗayar, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu uku ba. Ba yare ne ya raba su ba, ba nisan ƙasa ba, ba al'ada ba. Ni ne, ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, da alƙaluma uku a aljihu.

Ba na ba da labarin nan don a ce na yi ƙoƙari da na faɗa. Na faɗa ne a lokacin da faɗar ba ta da tsada, bayan duk wanda za ta yi wa amfani ya riga ya tafi.